Rabin Kuɗin Makaranta

Ranar da saƙon ya iso ina garejin kamfani ina rabon motoci. A lokacin na yi shekara goma sha tara ina zaune a Doha. Goman farko a kan sitiyari na yi su, daga baya aka ɗora ni a kan direbobi, ni ke faɗin wanda zai tafi filin jirgi da wanda zai kwaso ma'aikata daga masaukinsu. Wannan ƙarin girman ne ya ba ni damar ɗauko iyalina daga Kano, muka kama ɗaki biyu da falo a unguwar Bin Mahmud, saman wani shagon kayan masarufi.

Waya ta yi ƙara, na duba na ga babbar 'yata ce. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ban taɓa kama sunanta ba, uwata nake ce mata.

"Abba, sun ɗauke ni! Jami'ar nan ta Amurka, kocinsu ya turo takarda. Sun ba ni sikolashif!"

Na ce, "Alhamdu lillahi. Yi a hankali, uwata, kar ki shaƙe."

Gudu take yi, mita ɗari takwas, wato zagaye biyu na filin tsere. Ba mu muka gano tana da wannan baiwar ba. Malamar motsa jiki ta makarantarsu ce, wata doguwar 'yar Kenya, ta aiko a kira ni yarinyar tana shekara goma sha uku. Na je a zatona laifi ta yi. Malamar ta ce in an gama zagaye biyu sauran yara zubewa suke yi suna haki, ita kuwa tana tsaye tana tambayar ko da saura. Mahaifiyarta ba ta so ba da farko, ta ce wace irin 'ya mace ce za ta riƙa tsere a gaban mutane. Muka daidaita a kan dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabin 'yan wasa, kuma ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta. Shekara huɗu ina wannan jigilar. Daga Nuwamba zuwa Maris, in gari ya yi sanyi-sanyi, kowace Juma'a da sassafe muna fili. Na koyi riƙe agogo, na kuma gane cewa daƙiƙa biyu a wannan tseren ba ƙaramar tazara ba ce.

Kafin in dawo gida a ranar labari ya riga ya isa Kano. Na tarar da mahaifiyarta a falo da waya a kunne tana gaya wa yayarta, "Kyauta fa, Yaya. Ko sisi ba za mu biya ba. Ci da sha da wurin kwana, duk a kansu." Ban hana ta ba, don ni ma haka na ɗauka. An nuna mini takardar a waya, na ga tambarin jami'a, na ga kalmar taya murna, na ga sikolashif, ban ƙara gaba ba.

Washegari bayan na tashi aiki na shiga jirgin ƙasa na Metro na sauka a unguwar Mansura, don in yi wa wani abokina albishir. Mutumin Kumasi ne, ɗan Zango, mai gadi a wani otal, su shida a ɗaki. Mun saba a masallaci tun ina zaman gwauro a unguwar, kafin iyalina su zo. Na san ya taɓa buga ƙwallo, na san yana ɗan ɗingishi in ya daɗe a tsaye, iyakar abin da na sani ke nan. Muka zauna a shagon mai shayi aka kawo mana karak, shayin madara na nan, na kwashe labari na ba shi. Ya yi murna ƙwarai. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, sai ya ce, "Yarinyan ya yi ƙoƙari, wallahi." Sannan ya ajiye kofi ya ce, "Maigida, kashi nawa?"

Na ce, "Kashi nawa na me?"

"Na kuɗin. Duka suka ba shi, ko rabi, ko kwata? Kuma na shekara nawa?"

Na ce ai sikolashif ne. Ya yi murmushi ya ce shi ma abin da ya gaya wa tsohuwarsa ke nan, shekara ashirin da suka wuce.

A nan na fara jin cewa abokin nan nawa ya taɓa zaman Amurka. Wata ƙaramar kwaleji ce ta ɗauke shi ƙwallon ƙafa, suka yafe masa wani kaso na kuɗin karatu, kawunsa ya sayar da fili ya cika na shekarar farko. A shekara ta biyu gwiwarsa ta goce. Kafin ya warke kocin da ya kawo shi ya samu aiki a wani wuri, sabon ya zo da yaransa. Da shekara ta ƙare aka kira shi ofis aka ce ba za a sabunta masa ba. Ya ce sai a ranar ya san cewa abin da ya sa wa hannu na shekara ɗaya ne. Ya koma Kumasi ba takardar shaida. Bai faɗa da ɗaci ba, yana yi yana dariyar kansa, amma ni shayin ya fita raina.

Na roƙe shi ya zo gida ranar Juma'a. Ya zo bayan an sauko masallaci, aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, sannan na sa yarinyar ta buga takardar, shafi huɗu, muka baje a kan tabarma. Shi yake bi da yatsa, ita tana karantawa tana fassara wa mahaifiyarta.

A shafi na biyu abin yake. Rabin kuɗin karatu za su ɗauke, na shekara ɗaya. Ɗakin kwana da abinci, mu. Littattafai, mu. Inshorar lafiya, wadda dole ce ga ɗalibin da ya zo daga waje, mu. Tikitin jirgi ko maganarsa ba a yi ba. Abokina ya sa ta buɗe shafin jami'ar ta duba abin da shekara guda take ci gaba ɗaya. Da muka juya abin da ya rage a kanmu zuwa riyal, ya fi albashina na shekara, ko da ba mu ci ba, ba mu biya haya ba.

Mahaifiyarta ta ce, "To me ya sa suka ce sikolashif?"

Abokina ya ce, "Hajiya, ba ƙarya suka yi ba. Rabi ma sunansa ke nan."

Yarinyar ta tattara takardun ta ce, "Kawu, na gode," ta shige ɗaki. Bayan tafiyarsa ta fito idonta jawur, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abba, dama ba ka so in tafi, ko?"

Na ce ta zo ta zauna. Na ba ta labarin zuwana ƙasar nan, wanda ban taɓa ba ta ba. Wani ejan ne a Kano ya karanta mini kwantiragi, ya faɗi albashi, na ji daɗi na sa hannu. Sai da na karɓi kuɗin watan farko na gane cewa kuɗin abinci yana cikin abin da ya faɗa, ba ƙari ba ne. Na je wurin kafil, wato ubangidan da ya kawo ni ƙasar, ya buɗe takardar ya nuna mini layin, ga sa hannuna a ƙasa. Shekara biyu na yi a haka. Tun daga nan, duk direban da aka kawo mini sai na zaunar da shi mun bi takardarsa layi-layi.

Na ce, "Kin ga, ni da nake yi wa 'ya'yan mutane wannan, taki ce na kasa karantawa saboda murna. Laifina ne. Amma tafiya kam, in Allah ya yarda za ki tafi. Ba dai a kan abin da ba mu gane ba. Rubuta wa kocin, ki ce mahaifinki yana son magana da shi."

Ta ce kunya take ji, za a ce ba ta gode ba. Na ce wanda zai ɗauki 'yar mutum ya kai ta wata duniya ba zai ji haushin tambaya ba, in kuwa ya ji, to mun san irinsa tun da wuri.

Aka sa mana rana. La'asar ɗinmu ita ce safiyarsu, don haka na nemi izini na dawo da wuri, na sa farar riga, muka jingina wayar da kwalbar ruwa a kan tebur. Turancina na aiki ne, wanda muke yi da Indiyawa da 'yan Nepal, amma yana kai saƙo. Inda na maƙale ita ke cikawa. Tambayoyina suna rubuce a bayan takardar rabon motoci.

Kocin dattijo ne mai furfura, kuma zan faɗi gaskiya, bai ɓoye mana kome ba. Na tambaye shi me ya sa rabi. Ya ce kuɗin da jami'a ke ba shi ƙayyadadde ne, shi yake yanka shi ya raba wa 'yan mata da yawa, masu gudu da masu tsalle da masu jifa. Wadda ke samun duka sai wadda yake da tabbacin za ta ci masa gasa tun shekarar farko, kuma lokacin 'yata bai kai nan ba tukuna. Na ce in ta ƙara sauri fa? Ya ce ana iya ƙarawa, amma ba zai rubuta alkawari ba. Na ce in ta ji ciwo? Ya ce a cikin shekarar ba za a taɓa kuɗinta ba, maganar shekara mai zuwa kuwa sai an zauna. Na ce za ta iya yin aiki ta cike giɓin? Ya ce bizar ɗalibi a cikin makaranta kawai ta yarda a yi aiki, sa'o'i kaɗan a mako, kuma da atisaye safe da yamma abin da za ta samu na sabulu ne da katin waya.

Yarinyar ta sako tata tambayar. Ta ce ta ga 'yan wasan jami'a suna samun kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Ya ce gaskiya ne, amma mafi yawa 'yan ƙwallon da ake nunawa a talabijin ne, kuma ita da ke kan bizar ɗalibi in ta karɓi irin wannan kuɗin tana can, tana iya jefa zamanta cikin matsala. Ya ce kar ta sa shi a lissafi.

Daga ƙarshe ya faɗi abin da ya fi kome amfani. Ya ce akwai wani tallafin daban wanda ba ya hannunsa, na masu sakamako mai kyau, kuma a makarantu da yawa ana haɗa shi da na wasa. Na wasa yana iya tafiya da ƙafa, na karatu kuwa yana nan muddin maki bai faɗi ba.

Na yi masa godiya, na ce ba za mu iya ba bana. Yarinyar ta juyo ta kalle ni. Ba mu shirya da ita zan faɗi haka a take ba, amma ban ga amfanin ja wa mutum rai ba. Da aka kashe wayar na ce, "Khalas, wannan ta wuce. Yanzu mun san abin da ake saye a kasuwar nan: daƙiƙa da maki. Duka biyun kina da hanyar samunsu."

Kwana uku ba ta yi mini wata doguwar magana ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. A na huɗu na dawo na tarar ta manna babbar takarda a bangon ɗakinsu, ta ja layuka: sunan makaranta, kuɗin karatu, ɗaki, abinci, inshora, shekara nawa, in an ji ciwo. Ta ce, "Abba, zan sake jarrabawar Turanci da lissafi. Kuma ina son ƙarin rana ɗaya a fili." Na ce yalla, mu je zuwa.

Wannan sanyin ta yi aiki irin wanda ban taɓa gani ba. Ta rubuta wa makarantu sun fi talatin, kowacce da bidiyon tserenta da sakamakonta. Yawancinsu ba su amsa ba. Wani mutum ya kira ni ya ce shi ejan ne, in na biya shi zai samo mata cikakken sikolashif cikin wata guda. Na ce ya turo sunan makarantar da takardar kocin, in na gani sai mu yi magana. Bai sake kira ba. A watan Fabrairu, a wata gasar makarantu, ta rage daƙiƙa uku daga lokacinta. Ina riƙe da agogona a bakin fili, na duba na sake dubawa, sai da malamarta ta ɗago mini hannu daga can na yarda.

Amsar da muka karɓa daga wata kwaleji ta zo, ta shekara biyu, a wani ƙaramin gari na manoma da ko a taswira sai an matso sosai ake ganinsa. Kocinsu mace ce. Sun ɗauke kuɗin karatu da ɗaki da abinci, wani kaso saboda gudu, wani saboda maki. Namu shi ne tikiti, inshora, littattafai da kuɗin kashewa. Wannan karon sau uku na karanta, abokina ya karanta, sannan na sa aka tambayi kocin maganar ciwo, da hijabi, da azumi. Ta amsa a rubuce. Ta ce in ciwo a wurin atisaye ko gasa aka ji shi, ba za ta janye kasonta a shekara ta biyu ba. Na sa aka buga wannan amsar na ajiye tare da fasfo ɗinmu.

Mahaifiyarta ta ɗan yi ƙorafi. Ta riga ta faɗi sunan babbar jami'a a Kano, yanzu kuma za ta koma ta ce kwaleji. Na ce ta ce musu an samu wadda ta fi dacewa da mu, kuma gaskiya ce. Kafin a ba da takardar neman biza sai da makarantar ta nemi shaidar banki cewa muna da abin da ya rage a kanmu na shekara. Muna da shi, don tun ranar da muka yi magana da dattijon kocin nan na daina tura kuɗin ginin da nake yi a gida. Ginin yana nan a linta har yau, bai dame ni ba.

Duk da wannan shirin, shekarar farko ta zo da abubuwan da ba mu hango ba. Wata biyu da zuwanta ta kira ta ce an cire mata haraji. Ashe kason ɗaki da abinci, ga ɗalibin waje, hukuma tana ɗaukarsa kamar kuɗin shiga. Ba wanda ya gaya mana, mu ma ba mu san a tambaya ba. Na tura mata. Sai hutun Disamba, aka rufe ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci mako uku, tikitin zuwa Doha kuwa a lokacin ya yi tsada. Wata 'yar Somaliya da suke sallar Juma'a tare ta kai ta gidansu a birni mafi kusa. Rigar sanyi ma sai da aka sake saye, wadda muka saya a nan ta ce kamar ba ta sa kome ba. Ta samu aiki a ɗakin karatu, tana jera littattafai kwana uku a mako, daga nan ta daina tambayata kuɗin kashewa.

A watan Maris ƙashin ƙaurinta ya tsage, ɗan siririn tsagu irin na yawan gudu. Likita ya ce mako takwas ba gudu. Ta kira tana kuka, ba don zafin ba.

"Abba, irin na Kawu ne zai same ni."

Na ce, "Buɗe saƙon kocinki na bara ki karanta mini." Ta karanta. Na ce, "Sake karantawa." Ta sake. Na ce, "To ki je aji, ki riƙe makinki, ki bi abin da likita ya ce. Saura ki bar mini." A raina ni ma ban natsu ba, don rubutu a waya ba hukuncin alƙali ba ne, in matar ta canja magana ban san inda zan kai ƙara daga Bin Mahmud ba. Amma ba ta canja ba. A ƙarshen Afrilu ta kira ta ofis, ta sabunta mata kome yadda yake. Asibitin ma inshora ta ɗauki mafi yawa, muka cika sauran.

A shekara ta biyu ta yi gudun da ya fi na kowane lokaci a rayuwarta, ta gama kwalejin da sakamako mai kyau. Jami'o'i uku suka neme ta. Ba ta ɗauki wadda ta fi suna ba, ta ɗauki wadda za ta karɓi duk darussan da ta riga ta yi, don kar a ƙara mata shekarar da ba wanda zai biya. Tana karanta aikin gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi.

Da ta zo hutun sanyin bana, muna zaune bayan la'asar mahaifiyarta tana yi mata kitso, na tambaye ta ko tana ganin za ta kai ga manyan gasannin duniya. Ta yi dariya.

"Abba, na ga masu kaiwa can, muna tsere tare. Ni bayansu nake gani. Gudun nan makaranta yake biya mini, kuma ina jin daɗinsa. In na karɓi digirina ya gama aikinsa."

Mahaifiyarta ta ce ta daina motsa kai. Na tambaya yaushe ne zaman sabunta mata tallafi a jami'ar, don in nemi izini a wurin aiki in shiga wayar. Ta ce a watan Afrilu ne, kuma ba sai na shiga ba. Tana so ta nemi a ƙara mata kuɗin littattafai da na zaman hutun bazara, ta riga ta tsara abin da za ta faɗa, in an gama za ta turo mini takardar kafin ta sa hannu. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na tashi na tafi masallaci.